Gyaran Muryar Manaja

Idan akwai abin da Manaja yake tinƙaho da shi a duniyar nan, to gyaran muryarsa ne. Yana ji da motarsa, yana ji da kantin tayal da kayan banɗaki da aka damƙa masa shugabancinsa, amma duk ba su kama ƙafar ɗan tarin nan da yake yi a kan matakala ba idan ya dawo daga aiki.

Gidansa yana hawa na biyu. Tun daga ƙasa yakan jiyo hayaniyar 'ya'yansa, ana jan kujera, ana buga murfin tukunya, wani yana bin wani da gudu. Sai ya hau a hankali, ba ya barin takalminsa ya yi ƙara, don kada su farga su rage masa daɗin abin. In ya iso kwanar ƙarshe sai ya tsaya, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya. Nan take gidan zai yi tsit kamar an ɗauke wuta. Kafin ya murɗa makulli an kashe talabijin, an tura kayan wasa ƙarƙashin kujera, yara biyu suna zaune tsaf, hannuwa a kan gwiwa, idanu a kan kafet. Shi kuwa sai ya wuce ɗaki yana hura hanci, ko sannu ba ya ce musu.

Ma'aikatan kantin sun haddace wannan labari. Duk wanda ya yi kuskuren cewa ɗansa ya hana shi barci, ko 'yarsa ta fasa masa waya, sai Manaja ya jingina da kujera ya taɓe baki, ya ce sakarcin iyayen zamani ne kawai. "Ni ban taɓa ɗaga wa ɗana hannu ba. Ba na ma buƙata. Tari ɗaya ya ishe ni." Sai a yi dariya, a jinjina kai, domin shi ke ba da hutu, shi ke hanawa. Gaskiya ne kuma, bai taɓa dukansu ba. Bai kuma taɓa ɗaukarsu ba tun da suka fara tafiya, amma wannan ba ya cikin labarin da yake bayarwa.

Matarsa Malama, wadda take koyarwa a firamare, ita ma da hannunta a ciki. Takan dawo a gajiye da surutun 'ya'yan mutane, ba sauran numfashin da za ta kashe a kan nata, sai ta ari sunan mijin. An zubar da ruwa, bari Babanku ya dawo. An ƙi sa takalmi, bari Babanku ya dawo. An yi fitsarin kwance, bari Babanku ya ji. Da haka su biyun suka ɗinka rigar dodo, Manaja ya saka, ya ga ta yi masa cif, ya ƙi cirewa.

Babban ɗan namiji ne, yana aji ɗaya, kowa Yaya yake ce masa. Ƙaramar kuwa Auta, ta ɗan haura shekara uku. Manaja bai taɓa jin ta jera magana mai tsawo ba. In baƙi suka tambaya ko ba ta fara baki ba ne, sai ya ce miskila ce, shi ta biyo, su ba sa zubar da magana a banza.

Mutumin da ya fi rainawa a duk ginin shi ne Lauya, wanda ƙofarsa take kallon tasu. Wata rana Manaja ya hawo ya tarar da shi a baranda yana rarrafe, tagwayensa a baya, ɗaya ya kama masa wuyan riga yana ja yana cewa ya yi sauri. Lauya guda, mai ofis da sakatariya, gwiwoyin wandonsa duk datti, kuma ko kunya babu ya ɗago kai daga ƙasa ya ce, "Maƙwabci, an dawo?" Manaja ya amsa da ƙyar, ya yi masa kallon sama da ƙasa, duk da cewa mutumin a ƙasan yake gaba ɗaya. Da ya shiga gida ya ce wa Malama ashe karatu ba ya hana mutum zama jaki, ya kuma kafa doka cewa kada ya ga ƙafar 'ya'yansa a gidan da ba a san babba ba. Malama ta ce to. Bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba, cewa a gidan Lauyan yaran suke wuni kullum kafin ta taso daga makaranta.

Ran wata Asabar aka kira su Malama taron malamai. Tun da sassafe ta shirya, ta nuna masa shayi a fulas da burodi a kan tebur, ta fara jero masa abin da Auta take so da wanda ba ta so. Ya katse ta da hannu. Wai renon yara biyu har wani aiki ne da za a tsaya yi masa bita? Shi da yake juya ƙartai goma sha a kanti? Zai yi wanka, ya ajiye su gidan ƙanwarsa, ya wuce kanti, don ranar ake sauke sabon kaya. Malama ta dubi yaran, ta dube shi, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ya fito daga wanka yana ƙamshi, ya shirya tsaf. Yana tahowa falo ya jiyo ƙus-ƙus, sannan wani abu ya faɗi a kan tayal ya yi ƙara. Ko a cikin gida ba ya shiga ɗaki sai ya sanar da zuwansa, saboda haka ya tsaya a bakin labule ya yi gyaran murya. Aka yi 'yan guje-guje, aka yi tsit. Da ya shiga, suna kan kujera kamar kullum. Yaya yana kallon kafet. Auta ta tsuke baki gam, kumatunta sun ɗan tasa. Ya tsare ta da ido kamar yadda ya saba, ya ƙi ɗauke kai, har sai da ya ga ta haɗiyi wani abu da ƙyar, wuyanta ya motsa, idonta ya kawo ruwa. Sannan ya gamsu. A ransa ya ce, ka ga tarbiyya.

Ya miƙa hannu ya ɗauki makullin motarsa a kan tebur, sai makullin ya rabe biyu a tafinsa. Irin na zamani ne da ake latsawa daga nesa, kuma motar ba ta tashi sai yana da rai. Ya juya shi, ya leƙa ciki. Gurbin ɗan batir ɗin nan mai kama da maɓallin riga babu komai.

"Wa ya taɓa mini makulli?"

Ba wanda ya motsa. Ya sake tambaya, ya rage murya, don ya san ƙasa-ƙasa ta fi tsoratarwa. Yaya ya fara rawar leɓe amma bai ce uffan ba. Manaja ya ce shi ba ma wanda ya taɓa yake nema ba, a faɗa masa inda batir ɗin yake kawai, magana ta ƙare. Nan ma shiru. A karo na farko shirun nan da yake alfahari da shi ya tsaya masa a wuya, amma bai kawo komai a ransa ba illa taurin kai, kuma ya san daga dangin wa suka kwaso shi.

Ya ɗaga kafet, ya ja kujeru, ya haska ƙarƙashin kabad da fitilar waya, ya zazzage kwandon kayan wasa. Ya sami cokali biyu da safa ɗaya da rabin biskit. Rigar da ya goge ta jiƙe da gumi. Daga kanti ana ta kira, motar kaya ta iso, direba yana ƙorafi. Ya ce babu mai karyawa sai batir ya fito. Can da yunwa ta ci shi kansa sai ya janye dokar, ya zuba musu shayi ya dangwara a gabansu. Yaya ya sha yana sheshsheka. Auta ta kurɓa sau ɗaya, ta ƙware, shayin ya dawo ta baki ya ɓata mata gaban riga. Ta ture burodin. Yawu yana ta dalala daga gefen bakinta, tana kai hannu wuya tana saukewa.

"Ke, shanye wannan yawun. Ba na son ƙazanta."

Ta yi ƙoƙari, ta yamutse fuska, yawun ya ci gaba da zuba. Manaja ya yi tsaki. Makirci ne, ya san shi, mace ko tana goye ta iya shi. Ya sa su juya su kalli bango, ya ce a nan za su tsaya har sai bakinsu ya buɗe. Shi kuma ya zauna ya cinye burodin, yana amsa waya yana ba da umarni.

Sai da rana ta ɗaga sosai, ya ga babu makawa sai ya nemi taimako, sannan ya haɗiye girman kansa ya tsallaka baranda. Ƙofar Lauya duk zanen fensir ne daga ƙasa har iya tsawon yaro. Daga ciki ana ihu ana dariya kamar tashar mota. Lauya ya buɗe da tawul ɗin jariri a kafaɗa, an manna masa wata 'yar takarda mai hoton tauraro a goshi, bai ma san da ita ba. Manaja ya dubi tauraron, ya kau da kai, ya tambaya ko yana da irin ɗan batir ɗin makullin mota, yaran nan sun ɓatar masa da nasa tun safe, sun kuma ƙi faɗin inda suka jefa shi.

Murmushin Lauya ya ɗauke. Ya tambaya ko an duba ko'ina. Manaja ya ce har ƙarƙashin kabad. Lauya ya ce, "Ina Auta?" Bai jira amsa ba, bai jira izini ba, ya ratsa ta gefensa ya shiga falon da ba a taɓa gayyatarsa ba.

Ya tarar da su suna kallon bango. Ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa da suka saba da ƙasa, ya juyo da yarinyar a hankali, ya dubi rigarta da ta jiƙe sharkaf. Ya kira ta Autar Mama, ya tambaye ta ina ne yake ciwo. Ta buɗe baki, sai idonta ya tsallake kafaɗarsa ya sauka a kan ubanta, ta mayar ta rufe. Ya juya ga Yaya, ya ce abokina, gaya mini. Shi ma ya saci kallon uban, ya sunkuyar da kai.

Lauya bai waiwayo ba ya ce, "Maƙwabci, don Allah ka ɗan fita waje."

"A gidana?"

"A gidanka. Ka ja ƙofar."

Muryar ba ta jakin baranda ba ce, ta kotu ce. Manaja ya fita, yana gaya wa kansa cewa bari ya ba shi fili ya kunyata, yaran da suka gagari ubansu ba za su buɗe wa mai tauraro a goshi baki ba. Ya tsaya a kwanar matakala, daidai inda yake tsayawa kullum ya yi tarinsa. Ko numfashi bai gama saukewa ba ya ji muryar Yaya ta ɓalle kamar an buɗe famfo. Bai taɓa sanin yaron yana da magana haka ba. Yana kuka yana bayani, wai latsa makullin suke yi ta taga don su ga motar tana ƙifta ido a ƙasa, kullum in Baba yana wanka suna yi, yau ne kawai ya suɓuce ya fashe, abin cikin ya gangara, Auta ta tsince shi.

"Sai muka ji tarin Baba. Ni na haɗa makullin, ita kuma rigarta ba aljihu, sai ta sa a baki. Da Baba ya kalle ta, sai ya wuce ciki."

Manaja ya ji komai daga inda yake tsaye. Ya tuna wuyan nan da ya ga ya motsa, ya tuna abin da ya ce a ransa a lokacin. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, har da kunya a ciki, ko da yake kunyar ba ta kai tsoron ba.

A motar Lauya suka tafi asibiti, motar da Manaja ya sha cewa ta fi kama da kwandon shara. An bar Yaya wurin matar Lauya. Da yake Lauya ne ke tuƙi, dole uban ya riƙe 'yarsa. Ya zauna a kan ɓurɓushin biskit, ya ɗora ta a cinya, bai ma san inda ake sa hannu ba. Ta sandare a jikinsa kamar katako, hannuwanta a kan gwiwa, yawu yana zuba a hannun rigarsa. Ba ta jingina da shi ba ko da motar ta sha kwana.

Likitar mace ce, ba ta da lokacin kowa. Ta tambaya yaushe yarinyar ta haɗiye shi. Ya ce da safe. Ta dubi agogon bango, ta dube shi, ta tambayi abin da ya sa sai yanzu. Ya ce ba su faɗa ba. Ta ce, duk tsawon wannan lokaci yarinyar ba ta yi kuka ba?

"'Ya'yana ba sa kuka," in ji Manaja. Kuma wallahi, har a wannan wuri, sai da tsohon alfaharin ya leƙo a muryarsa.

Likitar ta yi masa kallon da ya fi zagi, ta sa aka wuce da yarinyar ɗaukar hoto. A hoton ga abin nan fari, kewayayye, ya maƙale a ƙasan maƙogwaro. Ta yi masa bayani a taƙaice cewa irin wannan batir ba zama kawai yake yi ba, ƙona naman da ya taɓa yake yi, kuma inda ya tsaya kusa yake da inda murya take fitowa. Aka tura gadon aka rufe ƙofa.

Malama ta iso a guje, da ƙurar alli a hannunta. Lauya ne ya kira ta, shi ne kuma ya gaya mata yadda aka yi, bai rage ba bai ƙara ba, sannan ya koma gida wurin yara. Manaja ya gyara tsayuwa ya fara cewa da a ce ta koya musu kada su riƙa taɓa kayan manya, sai ta ɗago ido ta dube shi, ya haɗiye sauran. Ba ta zage shi ba. Ta zauna a ƙarshen benci ta rufe fuska, don ita ma ta san bakin wa yaran suka fara jin sunan dodon.

Da yamma likitar ta fito ta ce an ciro shi. Akwai ƙuna, za a riƙe ta a ga yadda za ta warke. Abin da ya rage shi ne muryar. Sai yarinyar ta farka ta yi magana, ko ta yi kuka, sannan za su san ko ta taɓu. Malama ta bi gadon zuwa ɗakin yara. Manaja kuwa ya sauka shagon bakin asibiti ya sayi 'yar tsana, ya zaɓi wadda ta fi kowacce girma, don a saninsa haka ake gyara irin wannan ɓarna.

Ya dawo da ita a hammata. Ƙofar ɗakin a ɗan buɗe take. Ya jiyo Malama tana lallashi, tana cewa Autata, ce Mama, ce Mama mana. Ya jiyo wani ɗan sauti siriri, kamar ƙofa tana shirin buɗewa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara wuyan riga, kuma kafin ya san abin da yake yi, maƙogwaronsa ya yi abin da ya saba.

Sautin ya ɗauke. A kan gadon, da robar ƙarin ruwa a hannu, yarinyar ta miƙe ƙafafu, ta jera hannuwanta a kan bargo daidai gwiwa, ta sauke ido. Likitar da ke sunkuye kusa da ita ta ɗago ta waiwayo.

Malama ba ta ɗaga murya ba. "Baban Yaya, ka jira a waje. Likita tana son ta ji muryarta."

Ya koma da baya, ya zauna a bencin da ke jikin bango, 'yar tsanar tana zare masa ido a cinya. Daga ciki babu motsi. Ya kasa kunne kamar yadda bai taɓa kasa wa kowa ba a rayuwarsa, yana roƙon Allah a zuci, ko kuka ne, ko ihu ne, ko buga murfin tukunya ne, a dai ji wani abu. Warin maganin da aka goge ƙasa da shi ya fara yi masa susa a maƙoshi.

Can sai ga muryar, a dishe, kamar ana jan takarda a kan siminti.

"Mama, Baba ya tafi?"

Malama ta ce, "Ya tafi."

Sai Auta ta fashe da kuka. Kuka sosai, mai ƙarfi, da magana a cikinsa, wuyanta yana ciwo, a cire mata wannan abin na hannu, ina Yaya, ina takalminta ja, ita ba za ta ƙara ba, ita gidan su tagwaye za ta. Magana tana bin magana, jimla a kan jimla, daga bakin miskilar da ya ce shi ta biyo. Ya ji likitar tana cewa madalla, a bar ta ta yi.

Tarin ya taso masa gadan-gadan. Ya danne, ya sake tasowa. Ya toshe baki da hannun rigar da yawunta ya bushe a kai, idanunsa suka cika da ruwa. Ya ajiye 'yar tsanar a kan benci, ya miƙe, ya bi doguwar barandar da sanɗa don kada takalminsa ya yi ƙara, ya sauka matakala, ya fita har wurin ajiye motoci. A can ya saki tarinsa tsakanin motocin mutane, ya yi ta yi har ya dafa gwiwa, ba wanda ko ya waiwayo.